Wai Mu Ne Maƙaryata?

Malam, sauke girar nan tukuna. Tun daga nesa na hango ka, ka riƙo littafin da yatsu biyu kana kawar da hanci. Na san abin da ke cinka, bari in taya ka furtawa: wai marubutan ƙagaggun labarai maƙaryata ne, sun rasa sana'a, sun zauna suna shara ta a takarda, kuma don rashin ta-ido har suna neman a biya su. Ko ba haka ba? To, na karɓi tuhumar a madadin 'yan'uwana kaf, tun daga Abubakar Imam har zuwa yarinyar da ke buga babi na arba'in a wayarta da ƙarfe biyun dare. Amma kafin ka kira mana ɗan sanda, ja kujera mu yi lissafi, don ina jin tare za mu kwana a bayan kanta.

Fara gaya mini, a ina ka taɓa ganin maƙaryacin da ke sallama da cewa ƙarya ya zo yi? Maƙaryaci na ƙwarai da rantsuwa yake buɗe baki. "Wallahi da idona na gani." "In ƙarya nake kada in kai gobe." Mu kuwa tun a shafin farko muke ɗaga hannu mu ce, jama'a, labarin nan ƙirƙirarsa aka yi, in ya yi kama da na wani dacewa ce. Dillalin da ya sayar maka da filin nan mai masu shi uku, ya rubuta maka haka a takardar ciniki?

Kuma ba mu muka fara ba. Kakarka ce. Eh, ita dai, mai carbin nan. Dare ya yi, an ci tuwo, ta ce ga ta nan ga ta nanku, muryarka ce ta fi ta kowa wajen ta zo mu ji ta. Ta sa Gizo ya yi magana da tsamin bakinsa, ya damfari kura, ya cinye rabon Ƙoƙi ya goge baki. Da ta gama ta ce ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, ta kuma ƙara da cewa da ma ƙaryar ce. Ka tashi ka kai ta ƙara wurin mai unguwa? Barci ka yi a cinyarta. Ka ce ai wannan ta yara ce? Yawwa. To yanzu ga ka da furfura, gaya mini tsakaninka da Allah, ba ka san Gizo ba? Ba shi ne ya ci bashinka tun kafin azumi ba, wanda in kun haɗu yake riga ka gaisuwa, ya tambayi lafiyar yaranka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har ka ji kunyar tada zancen? Tsohuwar nan ta kwatanta maka shi tun kana yawo ba wando. Kai ne ba ka riƙe karatun ba.

Ka ce kai ba tatsuniya ta dame ka ba, magana ce ta mutunci, mai ilimi ba ya ɓata tawada a kan abin da bai faru ba? Ranka ya daɗe, ka makara, an riga ka da shekara casa'in. A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman masu rubuta labari da boko don gasa, irin wannan tsuke bakin naka ya tarar. A wurin malaman lokacin, alƙalami na addini ne da tarihi da wa'azi, shirya labari kuwa hirar mata da yara ce bayan isha'i. Waɗanda suka daure suka rubuta, su suka bar mana Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Yanzu bi sawun masu laifin. Ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Bello Kagara ya zama Walin Katsina. Shi kuwa Imam, wanda ya tura Alhaji neman wani ruwan da babu shi a kowace taswira, ya haɗa shi da Malam Zurƙe suna yi wa juna tsiya gari-gari, shi aka ɗauko a 1939 aka naɗa editan jarida. Wace jarida? Gaskiya Ta Fi Kwabo. Babban maƙaryacin ƙasa a lissafinka, shi aka damƙa wa gaskiya a hannu, kakanka kuma ya zaro kwabonsa ya saya.

Mu leƙa zaure ma, tunda can kake son fakewa. Wane littafi ɗalibi ke tinƙaho da shi in ya yi nisa a lugga? Maƙamatul Hariri. Maƙama hamsin, gwarzonsu Abu Zaid, tsoho mai zaƙin baki: yau ya fito a mai wa'azi, gobe a makaho, jibi ga shi gaban alƙali yana shari'a da ɗansa, ko'ina yana wanke aljihun mutane da fasaha. Ƙagaggen labari ne tsaf, mutumin Basra ya tsara shi tun ƙarni na 12. Malamanmu sun daɗe suna biya shi, suna fassarawa, suna murmushi ta cikin rawani, kuma a nan Imam ya sha kafin ya zauna rubuta Ruwan Bagaja. Wato in da Larabci ne ilimi, in da Hausa ne shirme? Haba malam.

Ka ce kai tarihi kake karantawa, abin da ya tabbata? Sannu da ƙoƙari. Buɗe Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya zuwa Turanci a 1908. Ba za ka wuce shafin farko ba sai ka ci karo da ƙaton maharbin da ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Giwa fa, ba tunkiya ba. Ka gyaɗa kai ka ce mutanen da akwai ƙarfi. Mu je Daura: baƙo daga Bagadaza, tsakar dare, tsohuwa Ayana, macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sara ɗaya, sai auren sarauniya. Da ni na rubuta wannan na sa masa bango mai launi, da ka ce yaron nan ya cika kallon fim ɗin Indiya. Kada ka zabura, ban ce babu gaskiya a ciki ba. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, dutsen Dala yana nan a Kano. Abin da nake nuna maka shi ne, kafin tarihin nan ya hau takarda sai da ya bi ta bakin maroƙa da fadawa da tsofaffi, kuma abin da aka tsara ya yi daɗin faɗa shi ya iso gare mu. Sauran ya bi iska.

Bar Daura ma, ta yi nisa. Mu dawo kanka. Ka tuna daren da ɓarawo ya shiga gidanka? Washegarin abin, a teburin mai shayi, cewa ka yi ka ji motsi, ka yi gyaran murya, ya haura katanga. Bayan 'yan watanni sai ga ka ka fito da taɓarya. Da shekara ta zagayo ɓarayin sun zama biyu, ɗaya da adda. Bana kuwa su huɗu ne, ka damƙe ɗaya da hannunka, ka sake shi don tausayin uwarsa. Har mai shayin ya tsaya da cokali a cikin kofi yana sauraro, shi da ya ji na bara da na bariya. Hajiya kuwa, da mata suka tambaye ta a gidan suna, cewa ta yi ita ta yi ihun, kai kana bayan ƙofa kana laluben takalmi, kuma abin da aka gani da safe a gindin katanga sawun akuya ne.

Ka ce sharri ne? Kwantar da hankalinka, ban kira ka maƙaryaci ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ka yarda da abinka. Ko a ina za ka rantse, don in ka rufe ido har ƙyallin addar kake gani. Tuna baya ɗumame ne, malam: duk safiyar da aka mai da shi kan wuta sai an ƙara ruwa, an ƙara gishiri, an motsa, kuma wanda za a ci a ƙarshe ba tuwon daren farko ba ne. Haka kan kowa yake. Je ka zaman makoki ka saurari 'ya'yan mamaci, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban ya ce Baba mutum ne mai zafi, in yana gida ko tari ba a yi. Autar ta share hawaye ta ce ita ba ta taɓa ganin mai wasa da yara irinsa ba, a kafaɗa yake kai ta makarantar allo. Wa ya yi ƙarya? Babu. Kowa ya riƙe abin da ya gani, ya cike sauran da kansa, bai ma san ya cike ba. Mu dai mun san muna ƙarin gishirin, har auna shi muke yi. Ba zan ma tada zancen takardar shekarunka ba, wadda ka je kotu ka rantse an haife ka 1 ga Janairu, kai da rabin ajinku, alhali Inna ta ce ana tsuga ruwan sama aka haife ka, gero ya fara fid da kai.

Ka ce to ka ji, amma tunda ga abin da ya faru, me ƙirƙira ta ƙara? A nan zan ɗan rage wasa, amma kada ka saba. Ɗauki Shaihu Umar. Lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi, bauta ba tsohon zance ba ce, don sai a 1936 aka ƙarasa soke ta a dokar Arewa. Waɗanda aka kama a hari suna raye, waɗanda suka kai harin suna raye, wani lokaci ma a unguwa ɗaya, ana gaisawa da safe. Wa zai miƙe a bainar jama'a ya ce wane, gidanku ne suka sayar da uwata? Ba a yi. Takardun Turawa sun ƙirga bayin da aka 'yanta lardi-lardi, amma ba su da gurbin rubuta abin da uwa ke ji in ta dawo ta tarar ba ɗanta. Sai wani matashin malamin makaranta a Bauci ya ƙirƙiro yaro, ya sa aka sace shi, aka bi da shi ayari har ƙetaren Sahara. Ya sa uwar ta bi sawu, ita ma ta faɗa bauta, ta ga ɗan nata a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta cika. Ba a taɓa haihuwar wannan Umarun ba. Irin uwarsa kuwa sun fi a ƙirga. Nuna mini rahoton Razdan guda ɗaya da ya taɓa sa wani ya kife takarda a ƙirji ya yi shiru.

Ganɗoki fa? Bello Kagara, yayan Imam, ya ɗauki yaƙin Kwantagora da Turawa, abin da ya faru da gaske a 1901, ya miƙa wa wani barden da ya ƙirƙira takobi. Da aka ci ƙasar, sai ya tura shi can ƙasashen aljannu yana ta cin nasara. Ka ce nan ne labarin ya zama zuƙi-ta-malle? Mutanen da aka ci da bindiga mai ruwa, in ba su rama a labari ba a ina za su rama? Kuma Bature ne ya shirya gasar, shi ya buga littafin. In wannan ba wayon Gizo ba ne, ban san sunansa ba.

Ka ce duk wannan kwana-kwana ce, kuɗi muke nema? Jama'a ku zo ku ji sabon ƙagaggen labari, ya fi nawa daɗi! Marubucin Hausa shi ke biyan mai ɗab'i daga aljihunsa, ya ɗora kwali a bayan babur, ya kai wa 'yan kasuwa bashi, ya yi ta sintiri. Ranar da littafin ya fito abokai su yi layi, kowa na cewa "Ina nawa kwafin?" Kai ne a gaban layin, na gane hularka. Yanzu da aka koma waya, mutum ɗaya ya biya 'yan ɗaruruwan naira, kafin la'asar labarin ya gama zaga rukunonin WhatsApp, wani ma ya goge sunan mai shi. Akwai masu ci da alƙalami, ban musa ba, Allah ya ƙara musu. Amma wanda kuɗi kaɗai ya kawo shi, da katin waya ya kasa da ya fi samun barci. Suna kuma? Tambayi marubuciyar da surukanta suka karanta littafinta, aka bi ta da kallo a gidan biki ana raɗa, wai a ina ta san duk waɗannan abubuwa.

To me ya sa ake yi? Dubi Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. A ƙasar Hausa mace ta zauna ta rubuta, ni wance, 'yar gidan wane, ga abin da aka yi mini? Kunya ba za ta bari ba, dangi ba za su bari ba, in ma ta yi sai a ce tonon silili ne, a rufe littafin a buɗe gulmarta. Sai ga Wa Zai Auri Jahila? a 1990, da yarinya Abu wadda aka raba da aji aka kai ɗakin tsoho, ta gudu, ta koma karatu. Ban ce Abu ita ce marubuciyar ba, kada ka je ka ce ni na faɗa. Abu ta fi mutum ɗaya yawa, shi ya sa aka kasa yi mata shiru. Haka Rabi ta cikin Alhaki Kwikwiyo Ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya. Matan da suka karanta ba su tambayi kwatancen gidan ba. Sun san shi, wasu a ciki suke kwana. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya fara lashe ta a kan sansanin 'yan gudun hijira yake, mutanen da a labaran rediyo adadi ne kawai.

Kuma abin mamaki wai Bahaushe ne ke tambayar amfanin sakaya zance. Kai da matarka ba ta faɗar sunanka sai dai maigida. Kai da uwarka ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mutanen habaici da gugar zana da hannunka-mai-sanda, waɗanda matansu ke sauke wa kishiya kwandon magana a waƙar niƙa ba tare da sun dube ta ba. Mun gina rayuwa a kan faɗar gaskiya ta bayan gida, sai da aka sa ta a bango aka rubuta farashi ka tuna kai mai faɗa gaba-gaɗi ne?

Ka ce amma littattafan soyayya akwai shirme? Akwai, har in sa maka hannu. Jarumi ɗan shekara ashirin da biyar mai kamfanoni a Dubai, ba a taɓa ganinsa yana aiki ba. Jaruma fara, doguwa, gashi har gadon baya. Shafi uku ana kwatanta kujerun falo da labule. Masana ma sun kai ruwa rana a kansu a jaridu cikin shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi na sukar abin da ya kira adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu na kare shi. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a bainar jama'a, kuma ka san abin da ba ya taɓa kowa ba a ɓata masa ashana. Amma ko shirmen nan shaida ne. In bayan shekara ɗari wani ya so sanin abin da 'yan matan Arewa ke mafarki lokacin da naira ke zubewa, da abin da ke hana su barci, auren dole ne, kishiya ce, ko saki uku a takarda, ba a kundin ma'aikata zai samu ba. A falon nan mai shafi uku zai samu.

Yanzu ga wadda ta fi ƙona mini rai. Kai ɗin nan da ka ce duk ƙarya ce, kai ne ka tare ni bayan sallar Juma'a ido jawur, wai Alhajin cikin labarina, mai ɓoye nama a aljihun babbar riga a wurin walima, da kai nake. To zaɓi ɗaya mana! In ƙarya ce, me ya kawo ka ciki? In kai ne, ina ƙaryar? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Don ka samu barci, bari in buɗe maka sirrin sana'a. Alhajin nan tafiyarsa ta wani malaminmu ce, tarinsa na wani direba ne, rowarsa na tattaro ta daga gidaje da dama, har da namu. Naka a ciki hula ce kawai. Naman aljihun kuwa ni na ƙirƙira, ban san kana yi ba sai da ka faɗa da bakinka.

Ke ma Hajiya na ga kina dariya a bayan labule. Ba ke ce kika bar miya ta kama saboda ana karanta littafi a rediyo, an zo daidai inda uwar miji ta shigo ba? Shi kuma maigidan da ke faɗan a kashe, me ya sa da aka ce sai gobe ya tambaya daga tabarmarsa ko an sake ta? Shi ne fa ya karanta In Da So Da Ƙauna a ɓoye cikin littafin lissafi, ya mayar wa mai haya da shafi ɗaya a jiƙe, ya ce ruwan alwala ne.

Ka ce kai dai ba za ka taɓa zama ka rubuta irin wannan ba? To wancan littafin mai layi-layi da ke ƙarƙashin katifa, wanda ka fara tun kana sakandare, na wane ne? Wanda jaruminsa ke da irin tsayinka da irin wushiryarka, sai dai shi yarinyar ba ta auri ɗan kwangila ba? Ɗauko shi in duba maka. Ɓarayin nan huɗu ma ka sa su a babi na biyu, amma ka bar addar, ka cire akuyar. In ya fito kuma ka ajiye mini kwafi biyu, ba zan biya ba.